Daga Mustang ta Amurka Zuwa Fijo ta Bader Goula: Tsofaffin Motocin da Suka Ƙi Mutuwa

Tun kafin a kira assalatu yaron mota ya riga ya tashi. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar duba baƙin mai ya goge a gefen wandonsa, ya cika lagireto da ruwan jarka, sannan ya zaga yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Ranar kasuwa ce, kuma motar da zai bi tsohuwar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girme shi, ta girme direban ma. Buhunan gero da wake a ƙasa, awaki a ɗaure a gefe, mutane a kan kaya. Batir ya yi sanyi, don haka sai an tura. Matasa biyar suka sa kafaɗa, direba ya saki kuloci, inji ya yi tari sau biyu ya kama.

Wannan abu ne da idon mutanen ƙaramar hukumar Bader Goula ya saba da shi. Yankin yana arewa maso gabas da Dakoro, a jihar Maraɗi, wajen kwarin Tarka inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta fara. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanensa sun kai wajen dubu 70, a warwatse cikin ƙauyuka da rugage da zanguna. Da zarar ka sauka daga kwalta sai rairayi, kuma rairayi ba ya sanin kuɗin mota, abin da ya sani shi ne tsawon ƙafarta da ƙarfin injinta.

A bayan wannan motar, matashin da ke zaune kan buhu yana riƙe da waya, yana kallon bidiyon da abokinsa ya tura masa: wata baƙar Dodge Charger ta 1970, an gyara ta tsaf kamar jiya ta fito daga masana'anta, tana ruri kamar hadarin gabas. Ya nuna wa na kusa da shi, suka yi ta santi. Babu wanda ya lura a cikinsu cewa motar da ke ɗauke da su ita ma ta tasam ma shekara arba'in, kuma hannun da ya riƙe ta da rai bai gaza hannun Ba'amurken da ya gyara Charger ɗin ba.

Abin da Amurkawa ke bi da kuɗinsu

Motocin da ake yi wa laƙabi da "masu ƙwanji" a Amurka zamaninsu gajere ne. Akasari ana ɗora farkonsa a 1964, shekarar da kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas, mai faɗin lita 6.4, ya cusa shi cikin mota matsakaiciya ya sa mata suna GTO. A watan Afrilu na shekarar Ford ta fito da Mustang, kuma kafin shekara biyu ta cika an sayar da miliyan ɗaya. Sai Chevrolet ta biyo da Camaro, Dodge ta zo da Charger, wadda wani injinta mai suna Hemi ke da faɗin lita 7 da ƙarfin doki 425.

A lokacin fetur kamar kyauta yake a can, matasa na da aiki, hanyoyi masu faɗi ne kuma miƙaƙƙu. Amma abin bai yi ƙarko ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi saboda yawan haɗari, dokar tsaftace iska ta 1970 ta matsa wa masu ƙera inji, sannan rikicin mai na 1973 ya ƙarasa zancen. Cikin shekara goma aka yi yayin aka gama.

Yaran da suka yi ta leƙen waɗannan motoci ta tagar shago ba su da ko anini su ne suka girma suka yi kuɗi. Mutum ya kai shekara sittin, sai ya koma neman motar da ya yi mafarkinta yana ɗan sha bakwai. Zai samo ta a wani tsohon rumbu, tsatsa ta cinye ƙasanta, ya kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, ya shekara uku ko biyar yana haɗawa. Abin da aka fi daraja a wannan kasuwa shi ne a tarar lambar inji ta dace da ta jikin mota, wato injin da aka haife ta da shi ne har yanzu a cikinta.

Kuɗin da ake zubawa yana da ban mamaki. Koriyar Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, wani iyali ya saye ta a 1974. A watan Janairun 2020 aka yi gwanjonta a jihar Florida, ta tashi a kan fiye da dala miliyan uku da rabi, ba a ma sake mata fenti ba. Finafinan Fast and Furious da suka fara a 2001 kuwa su suka kai hoton Charger har wayoyin samarin Dakoro.

Mu ma muna da tamu

Idan za a tambayi Bahaushen da ya haura hamsin wace mota ce ke tsaya masa a rai, da wuya ya ambaci Mustang. Fijo zai ce. Fijo 404 ta fito a 1960, ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Ƙanwarta 504 ta zo a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. An ƙera fiye da miliyan uku.

Sirrinta ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashinta. Ƙafar baya ke jan ta, tana da tsayi daga ƙasa, kuma sifirin ɗinta yana da dogon zango, shi ya sa take shanye gargada ba ta jijjiga mutum. Injinta silinda huɗu ne, lita biyu ko ƙasa da haka, da kafireta wadda bakanike zai kwance a kan tabarma ya wanke da fetur ya mayar kafin la'asar. Akwai mai kujeru layi uku da ta zama motar haya tsakanin garuruwa, akwai kuma mai buɗaɗɗen baya, wadda mutanen Nijar ke kira bashe, mutanen Najeriya su ce fikof ko a-kori-kura.

Ta hanyoyi biyu ta cika ƙasar Hausa. Ta kudu, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan lokaci, ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan mota daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, daga nan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. A farkon shekarun 1980 masana'antar na fitar da motoci sama da dubu 50 a shekara. Gwamnatin sojan Najeriya ta shekarun 1970 ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, don haka daga gwamna har sakataren ƙaramar hukuma ita suke hawa. Kaduna ba ta daina haɗa ta ba sai tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta bar ta.

Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Fijo da arha a ƙasarsu, su tsallako teku, su keto Sahara ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar da ita su sayi tikitin komawa gida. Da yawa daga motocin da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Maraɗi, Tawa da Damagaram ta wannan hanya suka shigo.

Sai dai inda rairayi ya yi zurfi, kamar hanyoyin da ke gaba da Dakoro, Fijo takan sallama wa masu jan ƙafa huɗu. Landiroba, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa. Land Cruiser ta Toyota kuwa, musamman samfurin da aka fara a 1984 da injin gas ɗinta mai silinda shida, ita ce ta zama raƙumin wannan zamani. Ayyukan raya karkara da ƙungiyoyin agaji sukan yi gwanjon nasu bayan 'yan shekaru, ɗan kasuwa ya saya, daga hannunsa ta koma hannun direban ƙauye, a nan za ta yi sauran rayuwarta, wadda sau da yawa ta fi ta farkon tsawo.

A garejin gindin bishiya

Wanda yake son ya ga inda ake rayar da mota, ya je bakin tashar Dakoro ko garejojin Maraɗi ya zauna yini guda. Ba rufi, ba na'urar ɗaga mota. Inuwar dogon yaro ce ko rumfar kwano, da rami, da sarƙar da aka rataya a kan ƙarafa uku don ciro inji. Maigida yana zaune a kan benci, yara uku ko huɗu suna ƙarƙashin mota, yana ba su umarni ba tare da ya tashi ba.

Da kunne yake aiki. A tayar da inji, ya karkata kai na ɗan lokaci, ya ce filogi na uku ne ba ya wuta, ko kuwa metal ya fara bugawa. Yaro ya ce, "Maigida, a kwance?" Ya ce a kwance. Mafi yawan lokaci abin da ya faɗa shi ake tararwa. Wannan ilimi ba a takarda yake ba, shekara bakwai ko goma na wanke sifana da miƙa ƙusa ne ke zuba shi a kan yaro.

Ba'amurke mai gyaran Mustang yana da kundin kamfani, yana kuma iya yin odar kowane ƙarfe sabo a kawo masa har ƙofar gida. Bakaniken Dakoro kuwa in abu ya lalace, sai ya aika Maraɗi. In babu, a tura Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako a Yamai. In duk an rasa, sai a ƙera. A yanka gasket daga kwali mai kauri, a yanko roba daga tsohuwar taya a yi bushin, mai walda ya cike haƙorin giya a goge shi da zarto, maƙeri ya buga ganyen sifirin. A kan hanya kuwa, tankin mai in ya tsage, sabulu ake murzawa a toshe har a isa gari.

Shi ya sa da wuya ka sami motar da ta rage yadda kamfani ya yi ta. Jiki na Landiroba, inji na wata, lagireto na wata daban, kujerun gaba daga motar da ta yi haɗari shekara goma da suka wuce. A idon mai gwanjon Florida wannan ya zubar da darajarta. A ganina kuwa nan ne gwanintar take, domin haɗa ƙarafan da ba a yi su don juna ba, su yi aiki tare shekara da shekaru a cikin zafi da ƙura, ya fi mayar da sabon ƙarfe mazauninsa wuya.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Kyuba, bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata, sabbin motoci da kayan gyara suka daina shiga. Makanikan Habana suka riƙe Chevrolet da Buick na shekarun 1950 da injinan gas na wasu motoci da ƙarafan da suka ƙera da hannu. Yau waɗannan motoci su ne abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau, har sun zama tambarin ƙasar.

Kowa da inda yake kallo

Tsofaffin direbobi ba sa ɓoye ra'ayinsu. A wurinsu da tsohuwar zuma ake magani: motar da ba ta da kwamfuta in ta tsaya a daji, kai da yaronka za ku tashe ta da sifana da filaya. Sabuwa kuwa in ta kunna wata fitila a gaban direba ta ƙi tashi, sai an jawo ta har birni a jona mata na'ura. Mutumin da ke ɗauke da mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Dakoro cikin dare, wannan bambanci a wurinsa maganar rai ce.

Akwai kuma ƙauna, ko da ba a faɗe ta da wannan suna ba. Dubi yadda direba ke wanke motarsa ranar da ba kasuwa, yadda yake sa a rubuta mata addu'a ko kirari a goshi, a ɗaura mata tuntu a madubi, a shimfiɗa darduma a gaban gilashi. Wata motar gadon uba ce. An kai amare da ita, an kai gawa, an tarbo alhazai. In ka taya ta, sai ya ce maka ba ta sayarwa ba ce, ko da kuwa a ranar ba shi da kuɗin mai.

Fasinja kuma nasa lissafin daban. Shi ne ke kwana a hanya in aksul ya karye, shi ne ke sauka ya tura in ta kafe a rairayi, shi ne kuma ke zaune a kan kaya, ba abin riƙewa. Dole a faɗi gaskiya a nan: motar da birkinta sai an taka sau uku, fitilarta ɗaya, tayarta ta suɗe, an kuma yi mata lodin da ya ninka ƙarfinta, ba abin alfahari ba ce. Iyalai da yawa a wannan yanki sun yi zaman makoki saboda irin wannan. Tsufan mota ba laifi ba ne, sakaci da birki da taya shi ne laifi, kuma mai mota da 'yan kamasho da jami'an hanya duk suna da hannu a ciki.

Matasa kuwa yawancinsu sun koma babur. Kabu-kabu ya fi sauri, yana bin hanyar shanu, kuɗin sayensa bai kai na mota ba, kuma yaro zai koyi gyaransa cikin watanni. Maigidan gareji da a da iyaye ke roƙonsa ya karɓi 'ya'yansu, yanzu yakan duba ya ga yaransa sun ragu.

Mai, iyaka da 'yan gwangwan

Abubuwa uku ne ke matsa wa tsohuwar mota a yau, kuma na farkonsu mai ne. Shekaru da dama jihar Maraɗi ta dogara da fetur mai arha da ke tsallakowa daga Najeriya a jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya. Matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a ƙarshen 2011 ta rage wannan dogaro, amma ba ta kashe shi ba. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, fetur ɗin bakin hanya ya yi tsada, kuma motar da ta fi jin jiki ita ce mai tsohuwar kafireta, wadda ke sha ba ƙaƙƙautawa.

Na biyu iyaka ce. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyakoki. Kayan gyara daga Kano suka yi wuyar samu na tsawon watanni, hanyar Kwatano kuma, wadda ta nan motocin hannu ke shigowa, ta toshe. Wannan ya yi aiki ta fuska biyu: ya tsadar da gyara, amma ya sa wanda ke shirin sauya mota ya haƙura ya koma wa tsohuwarsa.

Motocin hannun su ma ba sababbi ba ne. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu kusan miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kaso mafi girma Afirka ya zo, da yawa a cikinsu ba za su ci jarrabawar hanya a ƙasashen da suka fito ba. Wato sau da yawa muna sauya tsohuwar da muka iya gyarawa da tsohuwar da ba mu iya ba.

Na ukun shi ya fi damuna. 'Yan gwangwan suna zagayawa da sikeli, suna sayen ƙarfe da kilo. Sana'a ce ta halal, kuma magajin da ya gaji mota a kan duwatsu, ba taya ba inji, ba za a zarge shi ba in ya karɓi abin da aka ba shi ya sayi hatsi. Amma in aka sa wuta aka yanka 404 gida huɗu aka loda a tirela, ta tafi kenan. Yau za ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga 404 tana tafiya da ƙafarta, ita kuma 504 tana bin sawunta. Maroko ta riga ta wuce nan: daga 2014 gwamnati ta riƙa ba masu tsofaffin tasi ƙirar Marsandi tallafi su miƙa su a narke, su karɓi sababbi. Fasinja ya huta, amma motocin da suka yi shekara talatin suna ɗaukar ƙasar sun kusa ƙarewa.

Abin da za a iya cetowa

Ba wanda zai ce a bar mutanen Bader Goula a bayan tsofaffin motoci don a faranta wa masu sha'awar tarihi. Haƙƙinsu ne su sami hanya mai kyau da mota mai lafiya, da motar asibiti da za ta zo in an kira. Abin da ake nema kawai shi ne kada a bari duka su tafi.

Mun san darajar ajiye mota in mun ga dama. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, ɗalibai na zuwa kallo. Wasu fadojin sarakuna ma suna riƙe da motocin iyaye da kakanni. Motar talaka, wadda ta kai gyaɗa da gero da dabbobi kasuwa ta kuma kai yara makaranta, ita ce ba ta sami mai ajiye ta ba.

Attajiran Maraɗi da Kano da ke iya sayen motar miliyoyi, gyara 504 guda ɗaya tsaf ba zai girgiza aljihunsu ba, kuma aikin zai ciyar da bakanike da mai bugun bodi da mai fenti da mai ɗinkin kujera na tsawon watanni. Gidajen tarihi na Yamai da Damagaram da Gidan Makama a Kano suna iya ware wuri ga bashe guda da Landiroba guda, da labarin hanyoyin da suka bi. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su nemi tsofaffin makanikan nan su koyar tun suna da ƙarfi, a haɗa kunnensu da na'urar da yaran yanzu za su buƙata.

Kai kuma mai karatu, in akwai wata Fijo ko Landiroba da ke kwance a bayan gidanku, kaji na ƙwai a cikinta, kafin ka kira mai sikeli ka fara kiran bakanike ya duba ta. In ta gyaru, a fara da birki da taya.